Wane ne uban dutsen Kabo?

 Waɗanda data ba ta ba su damar sauraro ba, ga rubutaccen shirin nan kamar yadda muka saba sakawa.

Dutse ne ya jawo shirin yau. Makonni biyu da suka wuce wani ƙanena, ɗan baffana da ke can gida Kutemeshi, ya turo mini hoto ta WhatsApp. Wani baƙin dutse ne, girmansa bai wuce dunƙulen hannu biyu ba, ya ɗora shi a kan tabarma ya ɗauka. Sai ga saƙon murya ya biyo baya: "Yaya, don Allah duba mini wannan. Nauyinsa ya fi girmansa, kuma mayen ƙarfe yana kama shi. An ce irinsa ne aka sayar a Amurka, na Agadas ɗin nan." Yaron yana cikin masu zuwa haƙar zinare, kamar samarinmu da yawa na ƙasar Birnin Gwari da noma ya gagara a 'yan shekarun nan. Ƙarshen saƙon ne ya tayar mini da hankali. Wai shi da abokansa biyu suna shirin komawa inda ya tsinto shi, can cikin daji, su kwana biyu suna neman sauran. Wanda ya san dajinmu ya san abin da kwana biyu a cikinsa ke nufi.

Labarin Agadas kam gaskiya ne, ba ji-ta-ji-ta ba. A watan Nuwamban 2023 aka tsinci wani dutse a yankin Agadas na Nijar, nauyinsa ya kusa kilo 25, bincike ya nuna daga duniyar Mars ya fito. A watan Yulin 2025 kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da shi a New York a kan dala miliyan 5 da ɗoriya, har gwamnatin Nijar ta buɗe bincike a kan yadda aka yi ya bar ƙasar. To kun ga yaro ba zai ji wannan ya zauna lafiya da baƙin dutse a ƙarƙashin gado ba. Na ce masa ya dakata, kada ya motsa sai na yi masa bayani. Bayanin ne ya yi tsawo har ya zama shirin yau.

Duwatsu suna faɗowa daga sama, kuma sun sha faɗowa a ƙasar Hausa. Ba gatarin aradu nake nufi ba, wanda kakanninmu ke cewa tsawa ce ke jefo shi. Wancan gatarin dutse ne da mutanen da can can suka sassaƙa da hannunsu. Ina maganar waɗanda aka gani da ido suna faɗowa, aka rubuta rana da wuri. Ranar 3 ga Oktoban 1962, a Zagami, ta wajen Faskari a ƙasar Katsina, ba wani nisa da mu sosai ba, wani manomi yana gonarsa sai ya ji ƙara, dutse mai kilo 18 ya nutse a ƙasa taku kaɗan daga inda yake tsaye. An kai shi Kaduna wurin masu binciken ma'adinai, daga baya aka yanyanka shi, guntayensa suka watsu duniya. Shi ma daga Mars yake. An tabbatar da haka ne saboda 'yar iskar da ta maƙale a cikinsa ta yi daidai da iskar Mars da kumbuna suka auna. Har ma a 1996 aka saka ɗan ɓarɓashinsa a cikin kumbon Mars Global Surveyor aka mayar da shi wajen gida. Dutsen Zagami dai an san asalinsa, ba gardama.

Wanda ake gardama a kansa shi ne na Kabo. A watan Afrilun 1971, zamanin Audu Bako yana gwamnan Kano, duwatsu suka faɗo a Kabo, lokacin tana ƙarƙashin gundumar Gwarzo. Abin da aka tattara ya kai kilo 13 da wani abu. Wannan ba daga Mars yake ba. Irin wanda masana ke kira kondirait ne, kuma a cikin kondirait ɗin yana rukunin da aka yi wa lamba da harafin H, wato masu ƙarfe da yawa, don kusan kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na nauyinsu ƙarfe ne. Idan ka fasa shi za ka ga wasu 'yan ƙananan ƙwayoyi kewayayyu kamar gero, waɗanda suka daskare shekaru biliyan 4 da rabi da suka wuce, tun duniyar nan ba ta gama haɗuwa ba. Kusan ɗaya cikin uku na duk duwatsun da ake gani suna faɗowa 'yan wannan rukuni ne. Tunda sinadarinsu iri ɗaya ne, masana suka ce daga uba ɗaya suka ɓalle. To wane ne uban? Shekara da shekaru sunan da ake ambata shi ne Hebe. Kafin in gaya muku ko mene ne Hebe, sai mun koma baya shekara ɗari biyu da wani abu.

A ƙarshen ƙarni na 18 masana taurari na Turai sun lura da wani giɓi. Idan ka jera duniyoyin da ke kewaya rana bisa nisansu, tsakanin Mars, wadda malamanmu na falaki ke kira Mirriku, da Jupiter, wato Mushtari, akwai fili fetal, kamar layin shuka da aka tsallake rami ɗaya. Suka ce lalle akwai duniyar da ta ɓuya a wurin. A shekarar 1800 wasu daga cikinsu suka haɗu a Jamus suka raba sama kashi 24, kowa ya tsare nasa. Amma wanda ya riga su wani malamin coci ne a Palermo ta Italiya, Giuseppe Piazzi. Daren 1 ga Janairun 1801 ya ga wani ɗan ɗigon haske da ke canza wuri daga dare zuwa dare. Ya bi shi kimanin kwana 40, rashin lafiya ta kwantar da shi, ɗigon kuma ya shige cikin hasken rana ya ɓace. Aka rasa inda za a sake nemo shi.

A nan ne wani matashi ɗan shekara 24, Carl Friedrich Gauss, ya shigo. Ya ɗauki 'yan ma'aunan da Piazzi ya bari, ya ƙirƙiro hanyar lissafin da za ta fitar da dukkan turbar abu daga ɗan guntun tafiyarsa. Kamar mai bin sawu ne ya ga taku uku na raƙumi a rairayi, ya ce maka je ka rijiya kaza rana kaza za ka same shi. A watan Disamban 1801 aka duba inda ya nuna, sai ga ɗigon. Shi ne Ceres. Aka samu Pallas a 1802, Juno a Satumban 1804, shekarar da Shehu Usmanu ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu aka gwabza a Tafkin Kwatto, sai Vesta a 1807. Huɗu ke nan, duk ƙanana, babu wanda ya kai a kira shi cikakkiyar duniya. Daga nan kuma shiru. Shekara ta bi shekara ba a ga na biyar ba, manyan masana suka ce ai huɗun ne ke nan, kowa ya koma wata sabgar.

Sai mutum ɗaya da bai yarda ba, kuma shi ba farfesa ba ne. Karl Ludwig Hencke sunansa, an haife shi a 1793 a wani ƙaramin gari mai suna Driesen, wanda yanzu yake cikin ƙasar Poland ana kiransa Drezdenko. Yana saurayi ya shiga sojan Prussia a yaƙin da aka yi da Napoleon, aka ji masa rauni a Lützen a 1813, ya dawo ya kama aikin gidan waya. Da ɗan abin da yake samu ya sayi na'urar hangen nesa ya kafa a gidansa. A 1830 ya fara neman na biyar.

Ina so ku gane irin aikin, don ba kamara a lokacin, balle kwamfuta. Taswirar taurari ce a gabanka, ido a bakin na'ura. Ka dubi ɗan yankin sama, ka dubi takarda, ka tabbatar kowane ɗigo yana inda aka zana shi. Idan ka ga wanda babu shi a takarda, ka yi masa alama, gobe ka dawo ka ga ko ya gusa. Galibi bai gusa ba, tauraro ne kawai da mai taswira ya manta. Ka sake komawa. Ga sanyin ƙasarsu wanda hunturunmu na Disamba wasa ne a kansa, ga gajimare da ke rufe sama makonni. Haka mutumin nan ya yi shekara 15. Ni abin da ke ba ni mamaki ba haƙurin kaɗai ba ne, a'a, babu wanda ya yi masa alkawarin akwai abin da yake nema. Waɗanda suka fi shi ilmi ma cewa suka yi babu.

Ranar 8 ga Disamban 1845, yana da shekara 52, ɗigon ya gusa. Ya aika Berlin, masana suka duba suka tabbatar. Aka sa masa suna Astraea, na biyar, bayan shekara 38 da gano Vesta. Sarkin Prussia ya yanka masa fansho na shekara-shekara. Bai tsaya ba. Ranar 1 ga Yulin 1847 ya sake ganin wani. A lokacin Aliyu Babba ne Sarkin Musulmi a Sakkwato, Usman Maje Ringim kuma bai daɗe da hawa gadon Kano ba. Hencke ya roƙi Gauss, wanda a lokacin tsoho ne ɗan shekara 70, ya raɗa wa na shidan suna. Gauss ya ce Hebe, sunan wata gunkiyar ƙuruciya a tatsuniyoyin Girkawa. Shi ne na ƙarshe da Hencke ya gano har ya rasu a 1866. Amma ya riga ya buɗe ƙofa: kafin 1847 ta ƙare wani Bature a Landan, John Russell Hind, ya ƙara biyu, Iris da Flora. Yau waɗanda aka sani sun haura miliyan ɗaya.

Wannan taron duwatsu da ke tsakanin Mars da Mushtari shi ake kira babbar ɗamara, su kuma duwatsun Turawa na ce musu astiroyid. Da farko an zaci wata duniya ce ta tarwatse. Yanzu an bar wannan zance, don ko ka tattara su duka ka cura, ba su wuce kashi 3 cikin ɗari na nauyin wata ba. Ragowar kayan gini ne da ƙarfin jan Mushtari ya hana su haɗuwa. Kuma ba cunkushe suke ba yadda ake nunawa a fim, kumbuna sun sha ratsa wurin ba su gogi komai ba.

To yanzu ga Hebe kansa. Faɗinsa kilomita 190 ne ko kusa da haka, ya ɗara tazarar Kano zuwa Zariya, bai kai Kano zuwa Kaduna ba. Ba kewayayye ba ne sumul, ya fi kama da dankalin da aka ɗan daddatse. Yana juyawa a kan kansa sau ɗaya cikin awa 7 da kwata, wato yininsa bai kai awa huɗu ba dare ya yi. Tsakaninmu da rana kilomita miliyan 150 ne; shi matsakaicin nisansa ya ninka wannan sau 2.43, kimanin kilomita miliyan 363. Hasken rana da ke iso mu cikin minti 8 sai ya yi minti 20 kafin ya kai gare shi. Turbarsa kuma ba da'ira ce cif ba, siffar ƙwai gare ta: idan ya matso yana zuwa kilomita miliyan 290 daga rana, idan ya nisanta ya kai miliyan 436. Sannan a karkace take da kusan digiri 15 idan aka gwada da shimfiɗar da duniyarmu ke bi, kamar faifai biyu da aka saka ɗaya cikin ɗaya, ɗayan ya ɗan jirkice. Kewaye ɗaya yana cin kwana 1,380, shekara 3.78 ke nan. Masu kalkuleta a waya ku gwada wannan: ku ninka 2.43 sau uku a kan kanta, ku ɗauki tushen murabba'in abin da ya fito, za ku ga ya faɗo dab da 3.78. Ƙa'idar Kepler ke nan, nisa shi ke yanke tsawon shekara.

Wannan lamba ta 3.78 ita ta jawo wa Hebe tuhuma. Ku biyo ni a hankali. Mushtari yana kewaya rana cikin shekara 11.86. Raba shi uku, ka samu 3.95. Duk dutsen da shekararsa ta zama 3.95, to yana kewaye uku daidai lokacin da Mushtari ya yi ɗaya, saboda haka kullum a ƙayyadaddun wurare suke haɗuwa, a nan Mushtari ke ta maimaita fizgarsa. Kun san lilo. Idan kana tura yaro barkatai ba ya zuwa ko'ina, amma in kana tura shi daidai lokacin da ya dawo, ko da ɗan yatsa ne, sai ya yi sama har uwarsa ta fara salati. Haka turbar dutsen ke miƙewa sannu a hankali har ta ratso ta Mars, ta ratso tamu. Tun 1866 wani Ba'amurke, Daniel Kirkwood, ya lura cewa wurin wayam yake, an share shi, kuma a farkon shekarun 1980 Jack Wisdom ya nuna da lissafin kwamfuta cewa ta wannan ƙofa duwatsu ke zubowa wajenmu. Hebe yana zaune ne a bakin ƙofar, bai faɗa ba, amma in wani dutse ya buge shi ɓaraguzai suka tashi, kaɗan za su gusa su shiga lilon.

A 1998 wasu masana biyu, Michael Gaffey da Sarah Gilbert, suka haɗa wannan da wata shaida: launin hasken da Hebe ke maidowa ya dace da ma'adinan kondirait na rukunin H. Ga kama, ga kusanci da ƙofa, ga girma. Kusan shekara 20 idan ka tambayi uban duwatsu irin na Kabo, Hebe za a ce maka, ko da yake masu taka-tsantsan suna ƙarawa da "mai yiwuwa".

Sai aka ɗaukaka ƙara. A 2017 wata tawaga ƙarƙashin Michaël Marsset ta ɗauki hoton Hebe da babbar na'urar hangen nesa ta Turai da ke hamadar Chile, har aka ga siffarsa. Hujjarsu mai sauƙi ce: in daga jikinsa aka ɓantari duk wannan kaya, ina ramin? Kwarin da ya fi girma a jikinsa bai kai ya cike lissafin ba. Sannan a Oktoban 2024 mujallar Nature ta buga binciken Miroslav Brož da abokan aikinsa, waɗanda suka bi ta wata hanya daban. Dama an san cewa dutse yana tara alamar haskoki masu ratsa sarari tun daga ranar da ya ɓalle, kuma 'yan rukunin H da yawa suna nuna shekara miliyan 7 zuwa 8. Sai suka nemi inda aka yi karo a ɗamarar a daidai wannan lokaci. Suka same shi can gaba da Hebe, cikin dangin duwatsun da ake kira Koronis: karo ɗaya kimanin shekara miliyan 7 da rabi da suka wuce, wani kuma, na Karin, miliyan 5.8. Yadda ake sanin shekarun ma abin sha'awa ne, ana mayar da turbobin guntayen baya ne a kwamfuta har sai sun haɗu wuri guda. Jikokin lissafin Gauss ke nan.

A ganina yanzu hujjar Koronis ta fi ƙarfi, ko da yake ban ce an rufe shari'a ba, don ba wanda ya taɓa ɗebo ƙasar Hebe ya kawo aka gwada. Kuma ban ga abin kunya ba a ce an yi shekara 20 ana nuna wanda ba shi ba. Abin da na fi riƙewa shi ne, dutsen Kabo ya samu shiga wannan muhawara ne saboda a 1971 wani ya rubuta rana da wuri, aka auna, aka yi masa rajista da sunan garin. Wanda aka tsinta a ɓoye aka cusa a buhu aka tsallake iyaka da shi, lamba kawai ake ba shi, sunan ƙauyen ya ɓace, kuɗin kuma ba a hannun mai tsintuwa yake ƙarewa ba. Wani abu kuma da na gaya wa ƙanena: na Mars ne ke da tsadar nan saboda ƙarancinsu. Kondirait na gama-gari, wanda shi ne mafi yawan abin da ke faɗowa, ba ya kusa da wannan farashi.

Na ce masa ya yi gwaji uku kafin ya sa ƙafa a daji. Ya duba bayan dutsen: na sama yana da siririyar baƙar fata kamar ƙanzo, wadda zafin shigowa iska ya ƙona, wani lokaci da 'yan lotsattsun wurare kamar an danna yatsa a curin fura. Ya goge kusurwa ɗaya da magagari: in na sama ne zai ga ɗigo-ɗigon ƙarfe suna ƙyalli, ba zai ga ramuka ba, don mai ramuka kamar soso kashin maƙera ne. Sannan ya goga shi a bayan tayil: tama tana barin jan zane ko baƙi, na sama da ƙyar yake barin komai. Mayen ƙarfe kaɗai ba hujja ba ne, ƙasarmu cike take da duwatsun da yake kamawa.

Bayan kwana uku ya kira ni. Murya a sanyaye ya ce, "Yaya, ramuka ne a ciki, kamar gidan zuma." Na ce to, ka tsinci aikin maƙeran da suka narka tama a dajin nan tun ba a haifi kakanmu ba, ka adana shi. Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Shi dai ya fasa tafiyar. Ɗaya daga cikin abokan nasa har yanzu yana cewa ni ɗan boko ne ina so in hana su arziki, kuma na roƙi baffa ya yi wa mahaifinsa magana.

Kafin mu ajiye waya ya tambaye ni ko ana iya ganin Hebe ɗin daga Kutemeshi. Na ce da ido tsirara a'a, amma a shekarar da ya matso kusa, ƙaramin madubin hangen nesa irin na hannu yana kamo shi, in ka san inda za ka duba kuma ka dawo washegari ka ga ɗigon ya gusa. Duhun samanmu kuwa ya fi na Driesen, a nan ne Inna ta nuna mini Kaza da 'Ya'yanta da Gamzaki muna kwance a tsakar gida, zamanin da ake kwana a waje ba fargaba. Na yi masa alkawarin zan zo da madubin in Allah ya kai mu Babbar Sallah, in hanya ta yi kyau.

Wanda ke da dattijo a Kabo ko Gwarzo da ya ga abin da ya faru a 1971 da idonsa, don Allah ya yi mana magana ta akwatin saƙo, ina so in ji daga bakinsa.